Zaburar da Furosesa Mai Cibiyoyi da Yawa a Ƙasa Mai Zafi: Nazarin Ƙwazo da Tsada a Shagunan Kwamfuta na Tsafe

Tsakure

Maƙalar ta duba ko akwai riba idan mai shagon kwamfuta a Tsafe ya tilasta wa furosesa gudun da ya zarce wanda kamfani ya ƙayyade masa. An ɗora nazarin a kan alƙaluman da Intel da AMD suka fitar game da kayansu, da lissafin wuta da na zafi, da yanayin garin. An gano cewa zafin ɗaki da ƙura da tsadar wuta suna cinye ribar tun ba ta iso hannun mai ita ba.

1.0 Gabatarwa

Tsafe tana kan titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, kuma nan Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta jihar Zamfara take. Inda ɗalibai suke kuwa, ba a rasa shagon buga takarda. A irin waɗannan shaguna ake buga furojet, a zana katin biki da kalanda a CorelDRAW, a duba sakamakon WAEC da NECO, wani lokaci a haɗa bidiyon suna ko na walima. Kwamfutocin galibi na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, ana sayo su a Kano ko a Computer Village ta Ikeja. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 sabuwar kwamfuta ta ƙara yi wa mai ƙaramin jari nisa, shi ya sa tambayar ta taso: ba za a iya matsa wa tsohuwar ta ƙara gudu ba?

Masu gyara suna kiran wannan dabara obakulok. A nan za a kira ta zaburarwa, kamar yadda mahayi ke zaburar da doki. Kowane sashe na furosesa da ke iya ɗaukar aiki shi kaɗai za a kira shi cibiya.

2.0 Yadda cibiyoyi suka yawaita

Har zuwa farkon shekarun 2000 kamfanoni gudu suke ƙara wa cibiya ɗaya. Dokar da Robert Dennard da abokan aikinsa suka bayyana a 1974 ita ta ba su dama: duk lokacin da aka ƙanƙanta taransista sai buƙatarta ta wuta ta ragu. Da aka kai inda dokar ta daina aiki, zafi ya tare hanya. A 2004 Intel ta soke Pentium 4 mai gudun 4 GHz da ta yi alkawari, a 2005 kuma Pentium D da Athlon 64 X2 suka fito da cibiya bibbiyu. Wato tun asali zafi ne ya haifar da yawan cibiyoyi.

Sai dai yawan ma'aikata ba ya gaggauta kowane aiki. Gene Amdahl ya nuna haka a 1967. A ce kashi 80 cikin ɗari na wani aiki ana iya raba shi, sauran 20 dole a yi shi bi da bi. Cibiya huɗu za su ninka sauri sau 2.5, takwas sau 3.3, kuma ko dubu aka tara ba za a wuce ninki biyar ba. Mai haɗa bidiyo zai ji daɗin ƙarin cibiyoyi, domin aikinsa na rabuwa. Mai buga wasiƙa a Word zai biya kuɗin cibiyoyin da ke zaune babu aiki.

3.0 Lissafin zaburarwa

Gudun furosesa sakamakon ninka lamba biyu ne. Core 2 Quad Q6600 da ya fito a 2007 yana ninka 266 MHz sau 9, ya ba da 2.4 GHz. Da aka gane cewa ɗaga 266 zuwa 333 yana kai shi 3.0 GHz, ƙarin kashi 25 cikin ɗari kyauta, sai ya yi suna a duniya. Core i5-2500K na 2011, mai cibiya huɗu da gudun 3.3 GHz, shi ma haka: harafin K yana nufin an bar lambar ninkawa a buɗe, kuma masu sha'awa da yawa sun haura da shi 4 GHz. AMD ta bar ta a buɗe a jerin Ryzen tun 2017, ciki har da Ryzen 5 1600 mai cibiya shida da wat 65.

Amma kyautar tana da kuɗin goro. Wutar da furosesa ke sha tana tafiya daidai da gudunsa, sannan tana tafiya da bolteji a ninke da kansa. Idan aka ƙara gudu da kashi 20, aka ƙara bolteji da kashi 10 don kada na'urar ta riƙa ƙamewa, lissafin shi ne 1.2 × 1.1 × 1.1 = 1.45. An sayi ƙarin sauri na kashi 20 da ƙarin wuta na kashi 45. Furosesa mai wat 95 zai doshi 138 idan aiki ya kankama, kuma duk wat ɗin da ya shiga zafi yake komawa.

4.0 Zafi da ƙura da wuta a Tsafe

A nan ne labarin Tsafe ya rabu da na masu gwaji a Turai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iyakarta ta kwashe zafi ta zuba cikin iskar ɗaki. Saboda haka zafin furosesa shi ne zafin ɗaki haɗe da wani ƙari da ya danganci wutar da ake sha. Mu ɗauki misali na lissafi: fankar da ke riƙe furosesa digiri 40 sama da ɗaki. A ɗaki mai na'urar sanyaya, digiri 22, furosesan zai tsaya a 62. A shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da bazara ke kai zafin Zamfara digiri 40, zai tsaya a 80. Yanzu a zabure shi kamar yadda aka lissafa a sama, ƙarin ya tashi daga 40 zuwa 58. Na ɗakin sanyi ya kai 80, lafiya lau. Na Tsafe ya kai 98, bakin iyakar da furosesa ke rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai shago ya biya kuɗin wutar doki mai sukuwa, dokin kuwa yana takawa ne.

Lissafin ma ya yi wa fankar kyakkyawan zato. Wanda ya taɓa kwance murfin kwamfutar da ta yi hunturu biyu a bakin titi ya san abin da ake tararwa: ƙura ta yi wa haƙoran ƙarfen tsotse zafi lulluɓi kamar bargo, ana ɓamɓaro ta da yatsa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Irin wannan na'ura ko gudunta na asali ba ta kaiwa, balle a yi maganar ƙari.

Sai wuta. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, amma shagon da ke son riƙe kwastoma ba ya rabuwa da janareta ko sola da inbata. Kwamfuta goma da aka zabura suna iya ƙara wat 430, wanda a awa takwas na aiki tuƙuru ya kai kilowat-awa 3.4. Wannan fetur ne, ko batir da zai mutu kafin la'asar. Ƙarin bolteji kuma yana cin ran furosesa a hankali. Ko Intel da kanta ta amsa a 2024 cewa yawan bolteji ne ya janyo ƙamewa da lalacewar wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, kuma wannan ba tare da kowa ya zabure su ba.

Akwai ma shingen da ya riga duk waɗannan. Core i5-3470 da ake yawan samu a OptiPlex 7010 ba shi da K, kuma allon da furosesa ke zama a kai a irin waɗannan kwamfutocin ofis ba ya bayar da ƙofar taɓa gudu. Wanda ya nace sai ya sayi wani allo da babbar fanka da sabon akwatin wuta, kuɗin da ya isa a gyara kwamfuta biyu ko uku.

5.0 Inda darajar take

Aikin yawancin shagunan jira ne, na faifai ko na intanet. Da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, babu gudun furosesan da ya buɗe wa kowa shafi. A kwamfutar da ke da tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD da kai RAM zuwa 8 GB sun fi kowace zaburarwa bayyana ga ido, kuma ba su ƙara zafi. Hura ƙura bayan hunturu da sauya man furosesa kafin bazara suna dawo da gudun da aka riga aka biya kuɗinsa. Inda allo ya ba da dama ma, rage bolteji ya fi dacewa da Tsafe: ragin kashi 10 yana sauke wuta da kusan kashi 19 ba tare da an taɓa gudu ba.

Mai haɗa bidiyo ne kaɗai ke da hujjar kashe kuɗi a kan furosesa, shi ma cibiyoyi shida masu wat 65 sun fi masa huɗu da aka zabura. Wanda zai saya yanzu kuma ya duba zubi kafin gudu. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Q6600 da 2500K da 3470, ko an zabure su ko ba a zabura ba, babu ɗayansu a jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa.