Rumbu, Fadama da Albasa: Tarihin Dogaron Manoman Jega, Aliero da Maiyama ga Ruwan Sama

Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, wadda take cikin Masarautar Gwandu, kuma ta koma ƙarƙashin Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ƙasa ce da damina ɗaya tak take sauka a cikinta kowace shekara, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba. A cikin waɗannan 'yan watanni ake noma abincin da gida zai ci har wata kaka ta zagayo, saboda haka tarihin noma a yankin tarihi ne na dabarun da magidanta suka ɓullo da su don kada ɓacin damina ɗaya ya rushe gida.

Tushen waɗannan dabaru shi ne gandu, wato babbar gonar da uba da 'ya'yansa maza da ƙannensa suke nomawa tare, ana tara amfaninta a rumbu ɗaya ƙarƙashin ikon maigida. A gonar tudu akan haɗa gero, wanda yake nuna da wuri, da dawa, wadda take buƙatar ruwan ƙarshen damina, sannan a ratsa wake a tsakani, ta yadda idan ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya tsira, idan kuma farkon damina ne ya yi gardama dawa ta cike giɓin. Wasu kan yi binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, duk da sanin cewa yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba yana iya tsirar da irin ya kuma ƙone. Idan fari ya yi tsanani, malamai kan jagoranci jama'a zuwa bayan gari don sallar roƙon ruwa, yayin da zakkar hatsi da taimakon dangi suke tallafar gidan da rumbunsa ya ƙare kafin sabon gero.

Madogara ta biyu ita ce kasuwa. Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a bakin Gulbin Zamfara wajen 1820, ya zama babbar mahaɗar fatake a ƙarni na 19, kuma kusancin irin wannan kasuwa ya ba manomi damar sayar da dabba ko amfanin fadama ya sayi hatsi a shekarar ƙunci. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, harajin da ake biya da kuɗi ya tilasta wa magidanta da yawa sayar da hatsi da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, su kuma dawo su saye shi da tsada da damina. Fari da yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka game ƙasar Hausa, sun ƙarfafa al'adar cin rani, wato ficewar maza zuwa wasu garuruwa bayan girbi don a rage bakunan da suke ci daga rumbu.

Babban sauyi ya zo ta hanyar noman rani. A dā manomin fadama da jigo yake ɗebo ruwa, wato doguwar sanda mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗayan, abin da ya taƙaita faɗin lambu ga ƙarfin mutum. Yaɗuwar ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse daga shekarun 1980, wadda shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa ya ƙara wa ƙarfi a shekarun 1990, ta faɗaɗa lambunan albasar da Aliero ta yi suna da ita a faɗin Nijeriya, har Maiyama da Jega suka shiga sahu, kuma kuɗin albasa ya zama rumbu na biyu ga gidaje masu yawa.

Sai dai wannan sauyi ya zo da nasa haɗarin. Albasar da aka adana a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake jibge ta don jiran farashi, tana ruɓewa idan zafi da laima suka yi yawa, kuma injin ban ruwa ya ɗaure manomi ga farashin fetur da taki. Ruwan da ake roƙo shi ma yana zama masifa idan ya wuce kima, kamar yadda ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 suka shafe gonakin fadama a sassan Kebbi, ta ƙarshen ma ta tarar da manoman shinkafa da yawa ɗauke da bashin shirin lamunin Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Wannan ne ya sa magidancin da ya san tarihin ƙasarsa, komai ribar da ya samu a lambu, ba ya sakin gonar tudu, kuma ba ya lissafin arzikin shekara sai ya ƙirga damman geron da suka shiga rumbu.