Tashar wutar lantarki ta Tiga

Tashar wutar lantarki ta Tiga tasha ce mai ƙarfin megawat 10 da ke madatsar ruwa ta Tiga, a kan Kogin Kano, kusa da Rano a kudancin Jihar Kano. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, domin noman rani. Tashar kuwa daga baya gwamnatin jihar ta ƙara ta.

Ruwan da ake saki shi ke juya injinan da ke samar da wuta. Don haka aikin na buƙatar injiniyoyin lantarki da masana ruwa, waɗanda ke auna yawan ruwan da za a saki, domin manoman Kadawa da masuntan fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara da shi.