Baƙo ko Mazauni: Yadda Sunan Takarda Ke Sauya Doka a Illela

Tun daga 31 ga Oktoban 2019, Tailan ta wajabta inshorar lafiya ga tsofaffin Turawa da sauran baƙi masu bizar ritaya ta O-A. Da yawansu ba su yi gardama ba. Sai su fita ƙasar, su dawo da bizar O, wadda ita ma ake tsawaita ta saboda ritaya amma ba ta neman inshora. Mutumin bai canza ba, ciwonsa ma haka. Sunansa a takarda kawai ya sauya.

Mutanen Illela sun riga su sanin wannan dabara. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, Birnin Ƙonni na ciki. Gyare-gyaren 1904 da 1906 suka miƙa Ƙonni ga Faransa, aka bar Illela a bakin layi, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu.

Ƙa'idar zirga-zirga ta ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979, ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya da shaidar rigakafi, wato katin nan ruwan ɗorawa na allurar shawara. To amma wanda ya taso daga Ƙonni cin kasuwar Lahadi ba ya ɗaukar kansa matafiyi, kuma ba kasafai ake tambayarsa kati ba. Wanda kwanakinsa suka kusa cika kuwa, tafiyar 'yan mintuna a kan babur ta ishe shi ya tsallaka ya dawo sabon baƙo. Waɗanda suka yi sakaci da wannan lissafi sun ɗanɗana kuɗarsu a Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan Najeriya da baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, ko da yake aiwatar da ita na tafiyar hawainiya. A rubuce dai, dattijon Ƙonni da ya tare wurin 'ya'yansa a Illela ya fi samun sauƙi idan ya zauna a matsayin baƙo, sai dai ranar da ciwo ya kwantar da shi, daga aljihun 'ya'yan kuɗin asibiti za su fito. Matsayin baƙon ma ya yi rauni: tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025, kwana 90 ɗin sun dogara ne ga sassaucin da ƙungiyar ta ce na wucin gadi ne.