Tongnaab: wurin tsafin duwatsun Tongo a arewacin Ghana

Matafiyin da ya bar Tamale ya nufi arewa, bayan tafiyar kimanin kilomita 160 zai isa Bolgatanga. Kudu maso gabas da garin akwai duwatsun Tongo, mazaunin ƙabilar Talensi. A cikin wani kogo da ke saman ƙauyen Tengzug ne wurin tsafin Tongnaab yake, sunan da ke nufin "sarkin ƙasa".

Yadda ake shiga

Duk mai son shiga kogon, namiji ko mace, sai ya cire riga da takalmi. Masu ziyara kan zo da kaji, awaki ko tumaki a yanka, suna neman haihuwa, lafiya, ko tsari daga maita. Wanda bukatarsa ta biya yakan dawo ya cika alkawarin da ya ɗauka.

Manyan bukukuwa biyu ne ke da alaƙa da duwatsun. Ana yin Golib kafin faɗuwar damina don roƙon ruwa da albarkar shuka, Boaram kuma bayan girbi don godiya.

Turawa da Tongnaab

Duwatsun sun daɗe suna zama mafaka ga mazaunansu a zamanin farautar bayi. Turawan Ingila sun ɗauki wurin a matsayin cibiyar tawaye, don haka a 1911 suka tura sojoji, suka kori mutane daga kan duwatsun, suka haramta tsafin. Sun sake kai farmaki a 1915, amma mutane ba su daina hawa a ɓoye ba.

Maimakon ya mutu, sai tsafin ya yaɗu. Daga shekarun 1920, mutanen kudu, musamman Asante masu arzikin koko, suka riƙa zuwa neman tsari, har aka kafa rassansa a can da sunan Nana Tongo. Daga baya Turawa suka haƙura, mutanen suka koma gidajensu.

Matsayinsa a yau

A shekarar 2000 Ghana ta sa ƙauyukan Tengzug cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Ga Bahaushe, labarin ba baƙo ba ne: haka Barbushe ya riƙa hawa dutsen Dala don ganawa da Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu a Kano. Bambancin shi ne, a Dala abin ya zama tarihi, a Tongo kuwa har gobe ana hawa.