Hannun jarin MTN: Me ake nufi da mayar da riba cikin jari?

A watan Disambar 2021 ne kamfanin sadarwa na MTN a Najeriya ya yi wa jama'a tayin hannayen jari miliyan 575, a kan naira 169 kowanne. Mafi ƙarancin abin da mutum zai saya shi ne guda 20, wato naira 3,380, kuma ana iya yin cinikin ta wayar salula. Wannan ya sa ma'aikacin gwamnati a Dutse, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin, zai iya mallakar wani yanki na kamfanin ba tare da ya je wurin dillali a Kano ba. Ƙananan masu saye fiye da 126,000 ne suka samu rabo a faɗin ƙasar.

MTN dai ya fara aiki a Najeriya ne a 2001, bayan da ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, amma sai a watan Mayun 2019 aka fara hada-hadar hannayen jarinsa a kasuwar Legas, a kan naira 90.

Yadda tsarin yake

Idan kamfani ya ci riba, yakan ware wani kaso ya raba wa masu hannun jari, gwargwadon abin da kowa ya mallaka. Mai jari na iya karɓar kuɗin ya yi hidimarsa, ko kuma ya sake sayen wasu hannayen jarin da su. Hanya ta biyu ce ake kira mayar da riba cikin jari. Ba baƙon abu ba ne ga mai kiwo a Jahun ko Kiyawa: akuya ta haihu, sai ya bar 'ya'yan a garke maimakon ya kai su kasuwa.

A 2023 MTN ya ba masu jarinsa wannan zaɓi a hukumance. Ya ayyana naira 10 a kan kowane hannun jari a matsayin rabon ƙarshe na 2022, ya kuma ce mai so zai iya karɓar sababbin hannayen jari a madadin tsabar kuɗi. An fitar da sababbi kimanin miliyan 641 ta wannan hanya, a lokacin da ƙarancin dala ke hana kamfanonin waje kwashe ribarsu zuwa gida.

Ga yadda lissafin yake. Mai hannun jari 1,000 rabonsa naira 10,000 ne. Gwamnati na cire harajin kashi 10 cikin 100, saura naira 9,000. Idan aka ƙaddara farashi a kan naira 225, kuɗin za su sayi ƙarin guda 40, kuma a rabo na gaba za a yi masa lissafi ne a kan 1,040. Ƙarin bai taka kara ya karya ba a shekarar farko. Sai an jera shekaru goma ko ashirin ana yi kafin bambancin ya fito, kamar dai dabinon Dutse da ake dasawa a yi ta jira.

Shekarun da babu rabo

Sai dai lissafin ya dogara ne a kan cewa za a ci gaba da raba riba, kuma babu dokar da ta tilasta wa kamfani yin haka. A watan Yunin 2023 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sakar wa naira mara, darajarta ta faɗi warwas. MTN, wanda ke biyan wani kaso na hayar turakun sadarwa da basussukansa bisa farashin dala, ya yi asarar naira biliyan 137 a 2023, sannan kimanin biliyan 400 a 2024. Ba a yi rabon ƙarshe na 2023 ba, ba a kuma raba ko sisi na 2024 ba.

Al'amura sun sauya ne bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025. Kamfanin ya koma cin riba, hannun jarin da ya rufe 2024 a wajen naira 200 ya haura naira 400 a 2025, aka kuma dawo da rabo. Wanda ya sayar da nasa cikin firgici bai ga wannan ba. Amma shi ma wanda ya yi haƙuri sai ya auna ribarsa da tsadar rayuwa: dala ba ta kai naira 450 a hukumance ba lokacin da ya saya, ta wuce 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar shekarar.

Ɗari-ɗarin da mutanen arewa ke yi da kasuwar yana da dalili. Da dama sun zuba kuɗinsu a hannayen jarin bankuna bayan garambawul na 2005, sai kasuwar ta rushe daga watan Maris na 2008. Kamfanonin fasaha kuma, ko a Amurka, ba su cika gaggawar raba riba ba: Microsoft bai fara ba sai a 2003, Apple kuma ya daina a 1995, bai dawo ba sai 2012.

Matsayin shari'a

Yawancin malaman zamani sun halatta sayen hannun jari, domin tarayya ce a riba da asara, muddin sana'ar kamfanin halal ce. Inda gizo ke saƙar shi ne bashi mai ruwa. Ƙa'idar hukumar AAOIFI mai mazauni a Bahrain ita ce kada irin wannan bashi ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kada kuma kuɗin shiga na haram su wuce kashi 5, kuma mai jari ya fitar da kwatankwacinsu daga ribarsa ya ba mabuƙata. Wannan na nufin a fara tsarkake ribar kafin a mayar da ita. Tun 2012 kasuwar Legas ke da ma'aunin Lotus Islamic, wanda ke tace kamfanoni lokaci-lokaci, don haka wanda ya tsallake bana yana iya faɗuwa baɗi. A kan zakka kuwa, malamai sun bambanta wanda ya saya don ya sayar, wanda zai fitar da kashi 2.5 cikin 100 na darajar jarin, da wanda ya ajiye don cin riba.

Ribar da ba a karɓa ba

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar magada. Hukumar SEC ta ce a 2023 ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190, galibi saboda sauya adireshi, ko saɓanin suna, ko rasuwar mai jari ba tare da iyalinsa sun san da shi ba. Tun 2015 hukumar ta ɓullo da tsarin tura riba kai tsaye cikin asusun banki, amma sai mai jari ya cike takarda sunansa ya dace da na lambar BVN. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ba gwamnatin tarayya ikon rancen duk ribar da ta kai shekara shida ba a karɓa ba, kodayake mai ita ko magajinsa na iya nemanta a kowane lokaci.