Dim sum da wainar wata: abincin zumunci a ƙasar Sin

Dim sum ƙananan kayan ci ne da ake haɗawa da shayi, daga safe zuwa azahar, musamman a lardin Guangdong da Hong Kong. Ana turara galibinsu a kwandunan gora, a jera su tsakiyar tebur, iyali su kewaye kowa na ɗauka. Wannan zama shi ake kira yum cha, wato shan shayi.

Wainar wata kuwa, yuebing da Sinanci, ta bikin tsakiyar kaka ce, ranar 15 ga wata na 8 a kalandar gargajiyar Sinawa, cikin Satumba ko farkon Oktoba. Siffarta ta cikakken wata alama ce ta haɗuwar dangi. Ana cusa mata niƙaƙƙen irin furen lotus ko jan wake, wani lokaci da gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri. Ana sayen ta a kwali don kyauta, a yayyanka a raba.

'Yan kasuwa Musulmi masu zuwa Guangzhou su lura: a dim sum, siu mai da char siu bao galibi da naman alade ake yin su, wata wainar ma da kitsensa. Alamar halal a Sin ita ce 清真, ana karanta ta qingzhen.