Lesin ɗin Lissafi da Turanci a Hayin Banki: Dalilinsa, tsarinsa da abin da yake iya gyarawa

Lesin, kamar yadda jama'a suka saba kiransa, shi ne ƙarin darasin da ɗalibi ke ɗauka a wajen lokutan makaranta, galibi bisa biyan kuɗi. A Hayin Banki, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa da ke maƙwabtaka da Kawo, kamar sauran unguwannin birnin, darussa biyu ne suka fi jan iyaye zuwa neman malamin lesin ga 'ya'yansu na sakandare, wato Lissafi da Turanci.

Dalilin fifita darussan biyu

Dalilin yana cikin ƙa'idar shiga manyan makarantu. An daɗe ana bukatar mai neman gurbi a jami'a ya gabatar da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, waɗanda ya samu a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Sakamakon kammala sakandare yana farawa daga A1 ya sauka zuwa F9, kuma kiredit yana tsayawa ne a C6. Ɗalibin da ya samu D7 a Turanci, ko da ya yi zarra a sauran darussa, sai ya sake zama kafin ya samu gurbin digiri a Jami'ar Jihar Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Hukumomin da ke shirya waɗannan jarrabawoyi sun haɗa da WAEC da aka kafa a 1952, da NABTEB ta fannin sana'o'i da kasuwanci da aka kafa a 1992, da NECO mai hedikwata a Minna wadda ta zo a 1999, sai NBAIS mai kula da makarantun Larabci da addinin Musulunci. Bayan su akwai JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma tun daga 2015 ake rubuta jarrabawarta da kwamfuta. Cikin tambayoyi 180 da ɗalibi ke amsawa a sa'o'i biyu, 60 na Turanci ne, kuma wajibi ne a kan kowa.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin, inda ta ce kiredit a Lissafi zai zama dole ne ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, ban da masu neman fannonin adabi da makamantansu. Daga baya ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da yin rajistar darasin da zana jarrabawarsa. Turanci kuwa bai motsa daga matsayinsa ba.

Alƙaluman WAEC suna nuna girman lamarin. A 2024, kashi 72.12 cikin ɗari na ɗalibai ne suka samu kiredit biyar haɗe da darussan biyu. A Agustan 2025 hukumar ta fara sanar da kashi 38.32, sannan bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba wasu takardu, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko da wannan gyara, fiye da ɗalibi ɗaya cikin kowane uku bai haye ba.

Inda giɓin yake farawa

Raunin da ke bayyana a aji shida na sakandare yakan samo asali ne tun daga firamare. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, kuma 21,780 daga cikinsu ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya ba. An sallame su duk da adawar ƙungiyar malamai ta NUT, aka shiga ɗaukar sababbi. A 2022 an sake sallamar wasu 2,357 bayan wani gwajin. Yaran da ke firamare a tsakanin waɗannan shekaru su ne ke cike azuzuwan sakandare a yanzu.

Akwai kuma batun harshe. Yaron da ya tashi a Hayin Banki da Hausa yake magana a gida da kasuwa da filin ƙwallo, amma da Turanci ake tambayarsa a jarrabawa, har a darasin Lissafi. Sau da yawa ɗalibi yakan iya lissafin da ake nema, sai dai jimlar tambayar ce ta shige masa duhu. Saboda haka malaman da suka goge sukan ɗauki darussan biyu tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Nau'o'in lesin

Nau'i na farko shi ne wanda makaranta ke shiryawa da kanta bayan tashi, musamman ga 'yan aji uku da 'yan aji shida masu fuskantar jarrabawa. Na biyu shi ne cibiyoyin share fagen WAEC da NECO da JAMB, waɗanda kan ari azuzuwan wata makaranta da yamma ko su kama shago, kuma a nan ne ake samun waɗanda suka gama sakandare suna neman cike gurbin darasin da ya kayar da su. Na uku shi ne malamin gida, wanda ke zuwa ya koyar da yaro ɗaya ko 'yan gida ɗaya. Ya fi tsada, amma ya fi ba malami damar gane matsalar kowane yaro. Na huɗu shi ne darasin dogon hutu da ƙungiyoyin ɗalibai da matasan unguwa kan shirya kyauta ko da ɗan abin sayen alli. A 'yan shekarun nan an ƙara da darussan waya ta WhatsApp da YouTube da manhajojin gwajin JAMB.

Masu koyarwar sun haɗa da malaman makarantun gwamnati da masu zaman kansu da ke neman ƙari a kan albashi, da masu yi wa ƙasa hidima, da ɗaliban jami'a da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da waɗanda suka kammala karatu ba su samu aiki ba.

Lokaci ma abin lura ne. Yawancin yaran unguwar suna zuwa Islamiyya da yamma, don haka akan tura lesin zuwa ranakun Alhamis da Juma'a da Islamiyyu da dama ke hutu, ko safiyar Asabar da Lahadi, ko bayan sallar Magariba. Darasin dare yakan fi wahala ga 'yan mata, waɗanda iyaye ba su cika barin su fita bayan duhu ba, ga kuma aikin gida da ke jiran su.

Abin da ake koyarwa

Jarrabawar Lissafi ta WAEC takarda biyu ce: tambayoyi 50 na zaɓen amsa, sai tambayoyi 13 da ake amsa goma daga ciki tare da nuna matakan aiki. Ana ba da maki a kan matakan, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka haddar amsa ba ta wadatarwa. Kurakuran da suka fi yawa na tushe ne. Ɗalibin da ya tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5 maimakon 5/6, ko ya kasa gane dalilin da -3 sau -4 ke ba da 12, ba zai iya aljabara ba komai yawan tsofaffin tambayoyin da aka bi da shi.

Turanci kuwa takarda uku ce: ta ƙa'idojin harshe da kalmomi, sai ta insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, sai ta furuci. A ta ukun ne bambancin harsunan biyu ke fitowa fili. Hausa ba ta raba sautin p da f, don haka kalmomi irin pan da fan kan zo wa ɗalibi iri ɗaya. Haka nan kalmar aro ta wadatar ga mai bayarwa da mai karɓa, alhali Turanci ya raba su gida biyu. Malamin da ya san Hausa ya san inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe tun kafin ya kai wurin.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Masanin ilimi Mark Bray ya yi nazarin wannan al'ada a wani littafi da UNESCO ta wallafa a 1999, inda ya kwatanta ta da inuwar makaranta, domin duk inda manhaja ta karkata, can take bi. Koriya ta Kudu ta haramta lesin a 1980, amma kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. A 2021 ƙasar Sin ta hana kamfanoni neman riba da koyar da manyan darussa ga yaran firamare da ƙaramar sakandare. Damuwar ƙasashen biyu ɗaya ce: nauyin kuɗi a kan iyaye, da tazarar da ke ƙaruwa tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka.

Haɗurra da alamomin inganci

Babban haɗari shi ne cibiyoyin da ke fakewa da sunan lesin suna yi wa ɗalibai alƙawarin sakamako ta hanyar satar amsa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi baki ɗaya. Haɗari na biyu shi ne malamin aji ya riƙa ɓoye wani sashe na manhaja sai ga waɗanda suka biya kuɗin darasin yamma.

Lesin mai amfani yana da alamomi. Malami yakan fara da gwada ɗalibi domin gano inda ya tsaya, ko da hakan na nufin komawa darasin firamare. Adadin ɗalibai ba ya yawan da zai hana a duba aikin kowa. Ana ba da insha'i a rubuta, a gyara, a dawo da shi. Ana bin manhajar hukumomin jarrabawa, tare da rahoton da manyan masu duba takardu na WAEC ke fitarwa kan kurakuran ɗalibai. Iyaye kuma suna iya tambayar ko malamin yana da takardar koyarwa ko rajistar hukumar TRCN.

Lokacin farawa shi ne ya fi komai tasiri. Iyaye da dama ba sa neman malami sai watanni uku kafin jarrabawa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Lesin na 'yan watanni yana iya koya wa ɗalibi dabarun amsa tambaya da kiyaye lokaci, amma gyaran karatu da lissafin tushe yakan ɗauki zanguna da dama, shi ya sa ajin farko da na biyu na ƙaramar sakandare suka fi dacewa da soma shi.